Tukwici daga Rufaffen Gida

Amurkata ta fara ne a ƙarƙashin ƙasa, a wani ɗaki a Annandale da suke kira besmen. Taga ɗaya gare shi, can kusa da rufi, kuma ba a ganin komai ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa. Na yi makonni ina sanin Turawa ta takalmansu. Mu mata ne birjik a kan katifu, wasu daga Nijar, wasu daga gida, kowa rungume da jakarta tana jiran Hajiya Delu ta sauko ta kira ta.

Hajiya Delu ita ce ta yi mana hanya. Mace ce mai ƙamshi da fara'a, irin wadda za ta cuce ki kina yi mata godiya. Sana'arta kai mata gidajen tsofaffi su yi jinya, albashi ya biyo ta hannunta, ta yanki abin da ta ga dama. Ranar da na iso ta karɓi fasfona, wai ajiya. Ranar da ta samo mini aiki kuma ta karɓi sunana.

"Daga yau ke Gires ce," in ji ta. "Mai takardun aikin sunanta ke nan. Ko a mafarki aka kira Gires, ki amsa."

"Haba Hajiya, ni Rakiya da jika a Funtuwa, yanzu ne za a sake mini suna? To ina ragon?"

Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce bakin nan nawa shi zai ja mini. Ban ji daɗin maganar ba, amma na yi shiru, don yarana uku na gida marayu ne, kuma makarantarsu ba ta san wasa ba.

Zango na biyu Takoma Park ne, gidan wani tsoho da bai daɗe ba 'ya'yansa suka kai shi gidan tsofaffi. Abin da na samu a garin nan bai wuce Mma Adiza ba. Wata rana na shiga wani shago neman manja, sai na ji mace tana faɗa a waya da wata irin Hausa mai tsalle-tsalle. Na tsaya riƙe da kwalba, hawaye suka zubo mini ba shiri. Mutuniyar Kumasi ce ta ƙasar Gana, 'yar zango, unguwar Hausawan can, ƙatuwa, mai muryar da ke cika shago. Ta zaunar da ni bayan kanta, ta zubo mini shinkafa da wake irin nasu, ta tsaya a kaina sai da na cinye.

Ranar da na gaya mata Hajiya za ta kai ni wani tsibiri a tsakiyar ruwa, fara'arta ta ɗauke.

"Ei, 'yar'uwa! Wajen nan ko netwok bai da kyau fa. Wa ka sani a can?"

"Allah, Mma."

"To, Shi kam yana ko'ina. Amma ba ni wayanka."

Ta sa mini lambarta. Ta ɗaure mini kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, ta ɗora a cikin wata langa mai marfi, fara mai jan fure, irin ta ɗakin iyayenmu. Ta ce daga Kumasi ta zo da ita, kada in ci tuwo a farantin Bature ya rasa albarka.

Direban Hajiya ya bi da ni ta wata gada da na zaci ba ta da ƙarshe, ruwa dama ruwa hagu. Muka yi ta ratsa gonakin masara da gidajen kaji har titi ya ƙare a bakin ruwa. Nan ya sauke ni, ya nuna mini jirgin da ke kai wasiƙu da kayan shago, ya juya. Ni da ban taɓa hawa ko kwalekwalen fito ba, na amayar da duk abin da na ci tun daga Annandale. Wani dattijo ya miƙo mini alewar citta.

Tsibirin shimfiɗe yake daidai da ruwa, ba tudu ko na tururuwa. In teku ta cika, ruwa kan shigo tituna ya kwanta a tsakar gidaje, mutane su sa dogayen takalman roba su ci gaba da harkarsu. Abin da ya fara tayar mini da tsigar jiki kaburbura ne. A ƙofar gida suke binne mutanensu, su danne da faifan siminti don kada ruwa ya taso da su. Sai ki ga mace tana shanya, mijinta na kwance taku kaɗan daga igiyar. Mazan duk masu kamun ƙaguwa ne, suna fita tun asuba. Kusan kowa ɗan'uwan kowa ne. Babu ɗan sanda ko ɗaya, sai an kira daga babban gari su zo ta ruwa. Turancinsu kuwa, ni da na yi aikin asibiti a gida ina taƙama da nawa, sai na koma kamar ban taɓa shiga aji ba.

Wadda aka kai ni jinyarta sunanta Misis Nora. Ta haura tamanin, ƙugunta ya karye, amma idonta da bakinta garau. Mama nake kiran ta. Da fari ta ce ita ba ta haife ni ba, daga baya in na manta na ce Misis sai ta ɓata rai. Ranar da ta gan ni ina juye-juye da darduma ina neman gabas, ta nuna mini wata taga da sandarta, ta ce ta nan take hango jirgin mijinta yana fita da asuba, ta inda rana ke ɓullowa, lokacin yana raye. Tun daga ranar, in na tayar da salla sai ta rage muryar talabijin.

Kewa ta ci ni a wurin nan. Ba kiran salla, ba kukan akuya, ba mai cewa ina kwana. Iska ce kawai da kukan tsuntsayen teku, masu kuka irin na jariri. Abin da ya fi damuna shi ne in dafa abinci in ci ni kaɗai. A gidanmu ba a sauke tukunya maƙwabta ba su ɗanɗana ba. Don haka ranar da na yi dafa-duka, na zuba a langa na fara zagaye. Matar gidan dama ta karɓa tana ta ihun murna, ta dawo mini da langar cike da biskit. Na gidan gaba suka ce yaji ya kusa kashe su, a ƙaro.

Saura gida ɗaya, na ƙarshe a layinmu, a bakin fadama. Tagoginsa duk a rufe da katakon da suke sawa lokacin guguwa, ko da yake guguwa ta daɗe da wucewa. Na tambayi Mama, ta ce gidan Roy ne, ba ya son mutane, in ƙyale shi. Ni kuwa a tarbiyyata ba a tsallake ƙofa. Na je da yamma bayan ya dawo daga ruwa. Dogo ne, jajir, ya kai hamsin, ga wani baƙin kare a gindinsa. Ya dubi langar ya dube ni, kamar na kawo masa sammaci. Ya karɓa, ya rufe ƙofa.

Bayan kwana biyu na tarar da langar a kan matakalarmu, a rufe. Na ɗauka na juya ta. An wanke ta fes, har bakin marfin nan da maiƙo ke maƙalewa an bi shi an goge. Na ce a raina, lallai gwauron nan ya iya wanke-wanke. Da na buɗe sai ga ɗan guntun sabulu a ciki, sirit, irin wanda ya kusa ƙarewa.

Na nuna wa Mama. Ta ce wataƙila ya manta shi ne wajen wanki. Ni dai na daɗe ina kallon sabulun nan. A wurinmu in an kawo miki abinci ba kya mayar da kwano haka nan. Kya sa wani abu, ko goro ne, ko ashana, ko ɗan gishiri. Shi ne tukwici, kuma ko matar da ba ta da komai sai ta nemo abin da za ta jefa don kada a ce ba ta san ya kamata ba. Amma ina Bature mai kamun ƙaguwa ya san wannan? Na bar zancen.

Karo na biyu tuwon masara na yi da miyar kuka. Ban kai wa sauran ba, na san iyakarsu. Roy kuwa na kai masa da gangan, don tsokana, in ga ko zai dawo da shi yadda yake. Langar ta dawo a wanke. A cikinta akwai ɗan ƙulli. Ƙyallen atamfa ne, shuɗi mai ruwan ɗorawa, an yage shi daga gefen zane, an zuba gishiri an ƙulle bakin irin ƙullin da tsofaffinmu ke yi wa canji a haɓar zane.

Na zauna a kan matakala. Murna ce ta kama ni, wallahi murna tsantsa. Akwai 'yar'uwata a tsibirin nan! Na ƙaddara Roy ya auro wata tamu ce, mai kunya ko mai kulle, shi ya sa ba ta fita. Har na fara tsara yadda za mu yi wa juna kitso.

An yi mini alheri, dole in yi godiya, haka aka koya mini. Washegari na hango shi a bakin jiragen yana sauke kejin ƙaguwa, na tafi da saurina har mayafina na faɗuwa.

"Mista Roy, ka yi wa matarka godiya. Na ga tukwici, na gode ƙwarai."

Ya ajiye kejin. "Wace mata?"

"Matar gidanka. Wadda ta sa mini gishiri a ƙyalle cikin kwano. Ai na gane, 'yar ƙasarmu ce. Ka ce mata zan shigo mu gaisa."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta mutu yana tsaye ba sai ranar. Bai yi fushi ba, bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Ni kaɗai nake zaune. Kada ki sake kawo mini abinci." Ya ɗauki kejinsa.

Na koma gida jikina a sanyaye, na zayyana wa Mama komai. Ta sa na kashe talabijin gaba ɗaya.

"Roy bai taɓa aure ba," ta ce. "Amma lokacin da uwarsa take kwance, an kawo mata mai jinya, baƙa kamarki, mai ɗaura ɗankwali. Meri. Ba ta jin Turanci sosai. Kamfanin da ya kawo ki shi ya kawo ta."

"Tana ina yanzu, Mama?"

"Da uwar ta mutu ya ce ta koma. Shekara biyu ke nan ko fiye." Ta murza bakin bargo. "Ban ga wanda ya ce ya gan ta a jirgi ba. Ban kuma ji wanda ya tambaya ba. Har da ni."

Sai lokacin na gane abin da ƙullin yake nufi, na kuma gane abin da na je na faɗa wa mutumin da ke riƙe da makullin. Shi yake miƙa mata kwanon ta wanke, ya dawo da shi a rufe bai buɗe ba. Hanya ɗaya tak da take da ita zuwa duniya, na je da bakina na nuna masa.

Da sassafe na jira har jirginsa ya ɓace, na zagaya bayan gidan ta cikin laka. Karen na ɗaure yana haushi kamar zai tsinke sarƙa. Na tsaya ƙarƙashin wata taga ta sama na yi sallama da ƙarfi.

"Salamu alaikum, masu gida! Baiwar Allah, in kina ji na, ni ce mai langa. Sunana Rakiya, daga Funtuwa."

Shiru, sai iska a cikin ciyawa. Na sake. Can sai na ji gyaran murya. Sau ɗaya, a hankali, irin wanda mace ke yi in tana salla ko tana banɗaki aka yi sallama, don a san da mutum a ciki. Na ce ta faɗi sunanta, na ce ta buga katako, na roƙe ta da girman Allah. Ba ta ƙara ba. Ko bakinta a ɗaure yake, ko ƙarfinta ke nan, har yau ban sani ba. Na ce mata, "Ki yi haƙuri, zan kawo mutane." Wannan alkawarin na yi mata.

Waya ba ta kamawa sai a ƙarshen gadar katakon da jirage ke tsayawa. Can na je na kira Hajiya Delu.

"Hajiya, wace ce Meri da kika kawo tsibirin nan?"

"Wace Meri? Meri nawa na yi? Ke Rakiya, aiki na kai ki ko bincike?"

"Tana nan a kulle, Hajiya. Mutum ya rufe ta a ɗaki shekara biyu."

"Guduwa ta yi, shi ya gaya mini. Yaran nan haka suke, su samu saurayi su ɓace. Ki saurare ni da kyau. Kika kira polis, ke za su fara tambaya pepa. Bizarki ta mutu, kina aiki da sunan wata. Dipot za su yi miki, su mayar da ke gida da kayan jikinki. Ki tuna marayunki."

Na tuna su kuwa. Na tsaya a kan katakon nan ruwa na bugun ƙarƙashinsa, na ga fuskar autana. Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba. Sai na kira Mma Adiza. Ba ta bari na gama ba.

"Kira su yanzu-yanzu! In sun kama ka, ni zan tara mutane, muna da loya a masallaci. Mutum na mutuwa kana lissafin pepa?"

Da wayar gidan Mama muka kira 'yan sanda, ita ta fara magana don su ji muryar 'yar gari. Aka ce za a turo. Amma tun azahar iska ta juya, teku ta haukace, ko jirgin wasiƙu bai zo ba. Na ce wa Mama a tara maza a fasa ƙofar. Ta kira ɗan ƙanenta da wani dattijon cocinsu. Suka zo suka tsaya a falo riƙe da huluna, suka saurare ni cikin ladabi. Ɗayan ya ce Roy mutum ne mai wuyar sha'ani amma tare suka girma, ba a fasa gidan mutum saboda gishiri. Suka ce a jira hukuma. Mama ta kira su da wani suna da ban san tsohuwa ta sani ba.

Iskar ta yi kwanaki tana kaɗawa. Ruwa ya hau titi har gwiwa, ya rufe kaburburan ƙofar gida, sai kawunan duwatsun ake gani. Ina zaune a taga ina kallon gidan Roy, abinci ya ƙi shiga. A rana ta biyu, da la'asar, lokacin da babu mahaukacin da zai fita ruwa, na ga ƙaramin kwalekwalensa mai inji ya fito ta bayan gida ya shiga fadama. Akwai wani abu a ciki an rufe da tamfol. Na yi ihu har Mama ta kusa faɗowa daga kujera. Muka sake kira. Suka ce jirginsu ba zai iya tasowa ba, jirgin sama ma haka.

Da iska ta kwanta 'yan sanda suka zo, namiji da mace. Roy ya buɗe musu ƙofa da kansa. Suka zagaya suka fito. Ɗakin sama an wanke shi da ruwan bilic mai ɓatar da tabo, babu ko tsinke. Ya ce ya fita ne duba kejinsa kada iska ta tafi da su.

Suka zo wurina. Na ajiye musu sabulu da ƙullin gishiri a kan tebur. Namijin ya taɓa ƙullin da biro, ya ce, "Wato maƙwabcinki ya dawo miki da kwano da gishiri a ciki." Ba da raini ya faɗa ba, shi iyakar abin da ya gani ke nan. Ta yaya zan fassara wa mutum abin da tun ina goye nake ganin ana yi? Na ce masa namiji ba ya wannan ƙullin, Bature ba ya wannan ƙullin, kuma ba a sayar da wannan atamfar a shagon tsibiri. Macen ce ta jawo kujera ta zauna. Ta ce in ƙulla mata irinsa ta gani. Na yagi tsumma na ƙulla. Ta jera su biyu ta daɗe tana kallo, sannan ta sa na asalin a 'yar leda.

"Cikakken sunanki?" ta ce.

Mama ta ce, "Gires."

Na ce, "A'a, Mama. Rakiya." Na faɗi komai, har besmen, har fasfo. Ina gamawa na miƙe na ɗauko mayafina, don na zaci tafiya za a yi da ni. 'Yar sandar ta ce in zauna, ita mai laifi take nema, kuma shaida tana da kariya. Mama kuwa ta yi ta maimaita sunan a bakinta har ta iya, ba ta sake kira na Gires ba.

Ba a yi mako biyu ba wasu masu farautar agwagwa suka samu gawar baiwar Allahn nan a wani lungun fadama, naɗe a tamfol, igiyar da aka ɗaura mata nauyi ta kwance. Aka zo aka tafi da Roy da ankwa a jirgin hukuma. Duk tsibirin suka fito bakin gada suka tsaya. Dattijon cocin nan ya zo wurina daga baya ya cire hula yana ba ni haƙuri. Na ce masa ba ni zai ba haƙuri ba.

Zangona na ƙarshe Largo ne. Mma Adiza ta samo mini ɗaki wurin wata ma'aikaciyar asibiti 'yar Kano, lauyan masallaci ya karɓi zancen takarduna. Hajiya Delu kuwa tun ranar da ta ji an kira ta a waya daga ofishin 'yan sanda ta hau jirgi ta bar ƙasar, aka tarar da besmen a buɗe da mata suna zazzare ido. Babu wadda ta zo zamanin marigayiyar a cikinsu. Meri ta gaskiya, mai takardun, tana can wata jiha da ranta, ba ta taɓa ganin wadda ta ari sunanta ba. Roy ma da aka tambaye shi, ya ce shi Meri ya sani. Ya ƙone duk abin da ta zo da shi.

Gawar ta daɗe a hannun hukuma. Da suka gama, jama'armu suka nema aka ba su, aka yi karo-karo aka sayi kabari. Mma Adiza ta ce ni zan yi mata wanka, ita ta zuba mini ruwa. A nan na fara ganin fuskarta. Sanyin ruwa ya adana ta. Yarinya ce, ba za ta wuce talatin ba, baƙa, doguwa, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Tana da wushirya, da zane biyu ƙanana a kowane kunci, da tsohon tabon ƙuna a bayan hannun dama. Kanta da kitso, manya-manya, layin ya karkace ta ƙeya, irin wanda mace ke yi wa kanta da lalube. Na tsefe shi a hankali, na wanke, na yi mata kalba uku. Ina yi ina ba ta haƙuri. Mma Adiza mai cika shago da murya, ranar ko tari ba ta yi ba.

An yi mata salla, mutane sun cika fiye da zatona: likitoci, direbobi, 'yan Nijar, 'yan Gana. Da aka dawo, ba dangin da za a yi wa gaisuwa, sai aka shimfiɗa mini tabarma a falo, ni na karɓa.

A wurin ne wata ta ba da shawara in yi magana a waya, in faɗi kamanninta, a tura gida ko Allah zai sa a dace. Na yi. Na faɗi wushirya, na faɗi zane, na faɗi tabo, na bar lambata. Saƙon ya bi wayoyi daga Kano zuwa Maraɗi, zuwa Damagaram, zuwa zangon Kumasi. Na zaci mutum ɗaya zai kira, ko babu.

Wayata ba ta huta ba tun daga lokacin. Iyaye mata ne yawanci, wani lokaci yayye. Wannan 'yarta ta tafi aikatau shekara huɗu, an ce Amurka, shiru. Waccan ƙanwarta wata Hajiya ta ɗauka. Kowa da tata alamar: gajera ce, tana da ɗan baƙi a wuya, tana ɗingishi kaɗan. Ina saurara in ce ba ita ba ce. Ban san muna da ɓatattu haka ba. Har yanzu ba a samu masu ita ba, kuma ban canza lamba ba, ba zan canza ba.

Ta baya-bayan nan wata tsohuwa ce daga wani ƙauye a Gobir, jikanta ya kira ya miƙa mata. Muka gaisa har da tambayar damina.

"'Yar nan, ke ce kika yi mata wanka?"

"Ni ce, Inna."

"Allah shi ba ki lada. Ki tuna da kyau. Ƙaramin yatsan ƙafarta na hagu, yana nan? Tawa tun tana ƙarama galma ta cire mata shi."

Na rufe ido na koma kan ƙafafun nan da na wanke. "Yatsunta duk suna nan, Inna. Ba taki ba ce."

"Alhamdu lillahi," ta ce. Na ji tana gaya wa na kusa da ita, na ji mata suna hamdala a bayanta. Ina jira ta yi sallama, ba ta yi ba. Numfashinta kawai nake ji, da kukan kaji can nesa. Sai ta sake matso da wayar.

"To 'yar nan, ita tawa tana ina?"